Imani Da Tilas Ba Su Kwana Ɗaki Ɗaya: Darasi A Kan Ƴancin Addini Da Amanar Harshe A Ƙasar Arewa

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa a kan ni'imar Musulunci, muna neman gafararsa da shiriyarsa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya da ake yawan kawo wa limamai a Dogon Dutsi, da Tibiri, da Matankari, da Kore Mairuwa, da ƙauyukan da ke kewaye da su. Mutane na jin labarin yadda ake ƙuntata wa Musulmi a wasu ƙasashe, ko yadda ake cin mutuncin abin da muke girmamawa da sunan ƴancin faɗin albarkacin baki, sai zuciya ta tafasa, su tambaya: mene ne matsayinmu game da wanda ba addininmu ɗaya ba? Mene ne matsayinmu game da Musulmin da fahimtarsa ta saɓa da tamu? Kuma ina iyakar abin da harshe zai faɗa?

Amsar da za mu yi bayani a kanta ita ce: haƙƙin da muke nema wa ɗan'uwanmu Musulmi a inda yake tsiraru, shi ne haƙƙin da ke wuyanmu ga maƙwabcinmu a nan inda muke da rinjaye. Wanda ya nemi a auna masa da cikakkiyar tiya, to shi ma kada ya tauye idan awo ya zo hannunsa.

1. ABIN DA ALƘUR'ANI DA SUNNA SUKA KOYAR

Imani aiki ne na zuciya. Ana iya tilasta wa gwiwa ta durƙusa, ana iya tilasta wa baki ya furta, amma babu sarkin da ya taɓa mallakar zuciyar bawa, sai Allah da ya halicce ta. Saboda haka ne aya ta 256 ta Suratul Baƙara ta kore tilastawa daga sha'anin shiga addini. Malaman tafsiri sun kawo dalilin saukarta daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Kafin Musulunci, idan matar Madina tana haihuwa ƴaƴan suna mutuwa, takan yi alwashin cewa wanda ya rayu za ta sa shi cikin Yahudanci. Da aka fitar da Banu Nadir daga Madina a shekara ta 4 bayan hijira, akwai irin waɗannan ƴaƴa na Ansaru a cikinsu. Iyayen suka so su riƙe su da ƙarfi cikin Musulunci, sai ayar ta sauka, aka bar wa ƴaƴan zaɓi. Ku duba da kyau: ƴaƴan cikinsu ne, kuma mulki yana hannun Musulmi, amma duk da haka ba a ba su izinin tilastawa ba.

Aya ta 99 ta Suratu Yunus ta nuna wa Manzon Allah (SAW) cewa da Allah ya so da mutanen duniya sun yi imani gaba ɗaya, don haka ba aikinsa ba ne ya matsa musu. Ƙarshen Suratul Gashiya ya iyakance aikinsa ga tunatarwa, ya bar hisabi ga Allah. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu don addini ba, bai kuma kore mu daga gidajenmu ba. Aya ta 40 ta Suratul Hajji kuwa, da ta zo faɗin wuraren da Allah ke karewa daga rushewa, ta ambaci ɗakunan ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai.

Sunna ma haka ta zo. Da Annabi (SAW) ya isa Madina a shekara ta 622, ya rubuta yarjejeniya tsakanin Muhajiruna da Ansaru da Yahudun garin, aka bar kowa da addininsa, aka haɗu a kan tsaron gari. Buhari ya ruwaito cewa ya taɓa miƙewa tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, ya kafa hujja da cewa ita ma rai ce. Ya kuma ruwaito gargaɗi mai tsanani ga duk wanda ya kashe wanda ba Musulmi ba da ke zaune cikin amana, har ya nuna cewa mai yin haka ya nisanta kansa da Aljanna.

Kada wani ya fahimci cewa muna nufin addinai duka ɗaya ne. A'a. Mun yi imani cewa Musulunci shi ne gaskiya, shirka kuma ita ce mafi girman zunubi, kuma kira zuwa ga Allah wajibi ne a kanmu har mu koma gare shi. Abin da aka hana mu shi ne mu mai da sanda makwafin hujja.

2. RANAR DA MUSULMI NE KE NEMAN ƳANCI

Wanda ya san ɗacin yunwa ba ya yi wa mayunwaci dariya. Musulmin farko su ne aka fara hana wa ƴancin addini. An shimfiɗa Bilal a kan rairayi mai zafi, an kashe Sumayya, an hana karatun Alƙur'ani a bayyane a Makka. A shekara ta 5 bayan aiko Annabi (SAW), ya umurci wasu sahabbai su ƙetare teku zuwa Habasha, wurin Najjashi, wanda a lokacin Kirista ne, domin sarki ne da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Ƙuraishawa suka aika da kyaututtuka don a maido su, Najjashi ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya ƙi miƙa su. Mafakar farko da Musulunci ya samu, a inuwar sarkin Kirista ya same ta.

Mu dawo kusa da gida. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasar Nijar ta yau, a shekara ta 1754. Wajen shekara ta 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiya ba, sai ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Biyun farko, a harshen yau, su ne ƴancin magana da ƴancin zaɓen addini. Bawa ya amince. Bayan wasu shekaru sai Sarki Nafata ya yi shela ya janye wannan: ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya ce wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma ga abin da ya tarar, ya hana maza rawani, ya hana mata lulluɓi. Wannan ƙuntatawa tana cikin abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Gudun da ke nan kusa da mu, ƙetaren iyaka.

To, ya ku jama'a, idan mun la'anci shelar Nafata saboda ta ce dole kowa ya zauna inda aka haife shi, yaya za mu wayi gari muna yin irinta ga wasu?

3. YADDA MUSULUNCI YA SHIGA AREWA

Babu wanda ya kamata ya fahimci wannan darasi kamar mu Arawa. Ba boyayyen abu ba ne cewa ƙasarmu ta daɗe tana cikin manyan cibiyoyin addinin gargajiya a ƙasar Hausa. A Lugu Sarauniya take, da dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a. A Bagaji Baura yake. Bori kuwa ya shiga ko'ina, daga warkar da cuta har zuwa roƙon ruwa.

A ƙarni na 19 an yi ta gwabzawa tsakanin daular Gwandu da mutanen wannan yanki. A shekara ta 1849, da Yakubu Nabame ya tayar da Kabi, Arewa da Zabarma da Dandi sun mara masa baya. Waɗannan yaƙe-yaƙe sun cuɗanya da maganar ƙasa da haraji da sarauta, kuma da ƙarnin ya ƙare, yawancin talakawan Arewa suna nan a kan abin da suka gada. Sai a ƙarni na 20, musamman daga tsakiyarsa, Musulunci ya mamaye gidaje. Ta wace hanya? Ta hanyar fataken da ake ganin sallarsu da riƙon amanarsu a kasuwa. Ta hanyar malamin da ya zauna a ƙauye, ya hura wutar karatu da dare, yara suka kewaye ta da alluna. Ta hanyar ƴan cin rani da suka je Sakkwato da Kano da Kumasi suka dawo da buta da tasbaha. Ta hanyar auratayya, da alhazan da suka dawo daga Makka. Abin da takobi bai cim ma ba cikin shekaru masu yawa, allo da tawada da kyakkyawan hali sun cim masa cikin ruwan sanyi.

Da yawa daga cikin masu cika sahu a masallatanmu yau, kakanninsu ko iyayen kakanninsu Azna ne. Da malaman da suka fara zuwa sun ƙona musu rumbuna, ko sun ƙi gaisawa da su, ko sun ƙi shan ruwan gidansu, da wa zai saurare su? Haƙurin waɗancan malamai shi ne gadon da muke ci. Allah ya jiƙan su.

Akwai kuma wani abin lura. A watan Afrilu na 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta auka wa Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare ta da baka da kibiya, aka ƙone garin. A watan Mayu rundunar nan ta isa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Wutar da ta ci Lugu ita ce ta ci Ƙonni, ba ta tambayi wane ne mai salla ba. Azzalumi ba ya tantance addinin wanda zai zalunta, saboda haka tsaron gari ya zama aikin kowa da kowa.

4. MAƘWABTANMU NA YAU

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne. Wannan ni'ima ce, kuma jarrabawa ce, domin ba a sanin adalcin mutum sai ranar da ƙarfi ke hannunsa. A Dogon Dutsi akwai mishan ta Katolika da ta daɗe, akwai majami'un sauran Kirista, kuma da yawa daga cikin masu zuwa can ƴan ƙasa ne, Arawa irinmu, dangi ɗaya, gona kusa da gona. Akwai kuma waɗanda har yau suke riƙe da bori ko al'adun Azna.

Me ke kanmu game da su? Haƙƙin maƙwabtaka, da gaskiya a ciniki, da taimako ranar gobara ko rashin lafiya, da tsare musu rai da dukiya da mutunci. Sa'annan da'awa, bisa sharuɗɗan da aya ta 125 ta Suratun Nahli ta gindaya, wato hikima, da wa'azi mai kyau, da muhawara ta hanya mafi kyau. Musulmar da ke zuwa wurin ƴan bori idan ɗanta ya kwanta, tana bukatar wanda zai zaunar da ita ya karantar da ita tauhidi, ya kuma taimake ta ta kai yaron likita. Idan aka tsine mata a lasifika, za ta ci gaba da zuwa, sai dai ta koma zuwa da dare.

Dokokin ƙasa ma sun taɓo wannan magana. Bayan Taron Ƙasa na 1991 an yi doguwar muhawara a kan kalmar layisite, ƙungiyoyin Musulunci suka nuna ƙin amincewa da ita, har tsarin mulkin 1992 ya zo da wani lafazi da ke nuna cewa gwamnati ba ta wani addini guda ba ce. Tsarin mulkin 2010 ya raba gwamnati da addini, ya kuma tabbatar wa kowa ƴancin ibada. An dakatar da shi bayan 26 ga Yuli 2023. Dokokin mutane suna zuwa suna wucewa. Haƙƙin maƙwabci a wurinmu ya riga su, kuma ba ya faɗuwa idan sun faɗi, domin daga Allah da Manzonsa muka karɓe shi.

5. TSAKANINMU MUSULMI

Sau da yawa Musulmi ya fi samun sauƙin zama da Kirista a kan zama da ɗan'uwansa Musulmi na wani masallaci. Wannan ciwo ne da ya kamata mu faɗe shi da sunansa.

A zamanin Janar Seini Kunce, tun daga 1974, ƙungiyar Musulunci guda ce gwamnati ta sani. Da aka buɗe fage bayan 1991, ƙungiyoyi suka yawaita. Izala, wadda Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 da goyon bayan Shaihu Abubakar Gumi, ta shigo da ƙarfi ta hanyar ƴan kasuwa da kasa-kasai na wa'azi. Manya a cikinmu sun ga abin da ya biyo baya a Dutsi da kewaye a shekarun 1990: jayayya a kan maulidi, da wazifa, da sadakar uku da ta arba'in, da layu, da ƙabalu da sadalu. An raba sahu, an raba masallatai, ɗa ya ƙi bin ubansa salla, wasu aurarraki sun mutu, wasu sun ƙi halartar jana'izar danginsu.

Adalci ya sa mu faɗi alherin kowane ɓangare. Malaman ɗarika su ne suka ɗauki addinin nan a ka suka kai shi ƙauyuka lokacin da babu mota babu lasifika. Ƴan Izala kuma sun zaburar da neman dalili, sun buɗe makarantun matan aure, sun yaƙi almubazzaranci a biki da suna. Saɓani a kan mas'ala ba sabon abu ba ne, kuma babu laifi malami ya ce wannan bidi'a ce ko wannan sunna ce, in dai da hujja da ladabi. Inda aka ƙetare iyaka shi ne kafirtawa.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Usama ɗan Zaidu, wanda ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana ganin tsoro ne ya sa shi. Annabi (SAW) ya yi masa faɗa mai tsanani, ya nuna masa cewa bai tsaga zuciyar mutumin ya ga abin da ke ciki ba, har Usama ya yi burin da a ranar ya musulunta. Hadisi ya kuma tabbata cewa kalmar kafirci idan aka jefe ta, ba ta faɗuwa ƙasa: in ba ta dace da wanda aka jefa ba, tana komawa kan mai jifa. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, da halifan Abbasiyawa ya so ya ɗora wa dukan Musulmi littafinsa Muwaɗɗa, shi da kansa ya hana, saboda sahabbai sun watsu cikin garuruwa kuma kowane gari ya riƙi ilmin da ya iso masa. Shehu Usmanu ma ya yi rubutu yana tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya hujjojin ilmin tauhidi ba.

Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. Rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano a watan Disamba na 1980. A ranar 28 ga Nuwamba 2014 an tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, mutum fiye da 100 suka rasu suna shirin salla. Daga 2015 jahar Difa ta ɗanɗana irin nata. Waɗanda suka aikata wannan sun fara ne da cewa sauran Musulmi ba Musulmi ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

6. ABIN DA KE FARUWA A DUNIYA

A ranar 10 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 18 ya yi magana a kan ƴancin addini, na 19 a kan ƴancin faɗin ra'ayi. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 ita ma ta tabbatar da ƴancin addini a sashe na 8. A takarda ke nan. A aikace kuwa, Faransa ta hana ɗalibai mata ɗaura kallabi a makarantun gwamnati a 2004, ta hana rufe fuska a bainar jama'a a 2010, ta hana abaya a makarantu a 2023. Suwizalan ta jefa ƙuri'ar hana gina hasumiyar masallaci a 2009. Daga watan Agusta na 2017 Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere daga Bama zuwa Bangaladash. A ranar 15 ga Maris 2019 wani mutum ya harbe masallata 51 a masallatai biyu na Niyu Zilan. Duk wannan yana yi mana ciwo, kuma muna da haƙƙin mu faɗa.

Amma gaskiya ba ta da ɓangare. Akwai ƙasashen Musulmi da ake ƙona majami'u, ake korar tsiraru, ake ɗaure malami don ya saɓa wa fahimtar masu mulki. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta ɗauke mu daga adalci. Shi ya sa malamai daga ƙasashe da yawa suka taru a Marrakesh a watan Janairu na 2016, suka kafa hujja da yarjejeniyar Madina a kan kare tsiraru a ƙasashen Musulmi.

Ga misalai biyu da ya kamata a riƙa ba yaranmu. A watan Disamba na 2013, lokacin da ake farautar Musulmi a Bangi ta Afirka ta Tsakiya, Limam Umar Kobine Layama ya samu mafaka a gidan babban limamin Katolika na birnin, Nzapalainga, ya zauna can wata da watanni. A ranar 23 ga Yuni 2018 kuma, a ƙauyen Nghar Yalwa na jahar Filato, Limam Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su ga maharan. Na farko ya bi sawun Najjashi, na biyu ya biya bashin.

7. HARSHE DA IYAKARSA

Musulunci bai san ƴancin zagi ba. Aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana mu zagin abin da masu shirka ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Idan an hana mu zagin gunki, ina ga zagin Annabi? Saboda haka muna ƙin zanen ɓatanci da ƙona Alƙur'ani, kuma ba mu yarda cewa wannan shi ne wayewa ba. Tambayar ita ce: idan an yi, me za mu yi?

Mu tuna watan Janairu na 2015. Wata jarida a Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi (SAW). Ranar Juma'a 16 ga wata tarzoma ta tashi a Damagaram, kashegari ta kama Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka ƙona, har da gidan marayu da makaranta. Masu zanen suna Faris, ko hayaƙin bai kai gare su ba. Wanda ya ɗanɗana kuwa ɗan Nijar ne da bai taɓa ganin jaridar ba. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, daga ciki har da aya ta 164 ta Suratul An'am, cewa ba a ɗora wa wani laifin wani. A watan Yuni na 2019 ma an ƙona wata majami'a a Maraɗi bayan an kama wani limami da ya soki dokar tsara ibada. Saɓanin tsakanin malami da hukuma ne, amma wuta ta faɗa kan wanda ba ya ciki.

Kwatanta wannan da abin da ya faru a 2023, da aka yi ta ƙona Alƙur'ani a Suwidin da Danmak. Ƙasashen Musulmi suka yi magana da murya ɗaya, suka kira jakadu, suka kai ƙara majalisun duniya. A watan Disamba na shekarar majalisar dokokin Danmak ta kafa dokar da ta hana wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a. Wace hanya ce ta fi kare martabar Littafin Allah?

Wani zai ce: ai littattafan fiƙihu sun yi maganar hukuncin ridda da na zagin Annabi. Haka ne, amma a babin shari'a suka yi ta, inda akwai alƙali, da shaidu, da bincike, da sauraron wanda ake tuhuma. Babu malamin kirki da ya ba taron jama'a izinin yanke hukunci a bakin hanya. A watan Mayu na 2022, da wasu ɗalibai suka kashe wata ɗaliba a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, fadar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan. Ranar da kowa ya zama alƙalin kansa, duk mai gaba da wani zai iya halaka shi da kalma ɗaya, kuma ba za a tsaya a kan waɗanda ba Musulmi ba.

Yau fitina ta samu sabon doki, wato salula. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp yana tashi daga Dutsi da hantsi, kafin azahar ya kai Gaya da Ƙonni. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, don kada mu cuci mutane bisa jahilci mu dawo muna nadama. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Wannan bai hana faɗin gaskiya ba. Malami na da haƙƙi, har ma wajibi ne a kansa, ya yi wa mai mulki nasiha, ya soki zalunci, ya bayyana ɓata. Amma da Allah ya aiki Annabi Musa da Haruna wurin Fir'auna, tattausar magana ya umurce su da ita, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Babu mai wa'azi a cikinmu da ya kai Musa, babu kuma wanda ake yi wa wa'azi da ya kai Fir'auna.

8. ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na ɗaya, limamai da masu wa'azi su bambanta tsakanin sukar ra'ayi da cin mutuncin mai ra'ayi, su daina ambaton sunayen mutane a kan mumbari.

Na biyu, kada wanda ya kafirta mai kallon alƙibla. Mas'alar da ta rikice a mai da ita ga malamai, su zauna da littattafai a ɗaki, ba a gaban yara a kasuwa ba.

Na uku, malaman ɗarika da na Izala a kowane gari su riƙa ziyartar juna, su haɗu a jana'iza da ɗaurin aure da roƙon ruwa, domin abin da mabiya suka gani ya fi abin da suka ji tasiri.

Na huɗu, duk saƙon da ya iso salularka yana zargin wani da ɓatanci, kada ka tura shi. Ka kai wa limami ko mai gari, su kuma su kai ga hukuma idan akwai bukata.

Na biyar, idan hankali ya tashi, dattawan unguwa su riga matasa isa ƙofar majami'a da gidajen baƙi, su tsaya a wurin. Tsare amana ibada ce.

Na shida, iyaye su ba ƴaƴansu labarin yadda Musulunci ya shigo gidansu, da sunan malamin da ya kawo shi, da irin haƙurin da ya yi. Yaron da ya san cewa da lallashi aka jawo kakansa, ba zai ɗauki dutse ya jefi kakan wani ba.

Muna roƙon Allah ya tabbatar da zukatanmu a kan imani, ya tsare harsunanmu daga abin da zai kunyata mu ranar hisabi, ya shiryi waɗanda ba su shiryu ba ta hanyar kyawawan halayenmu. Allah ya kawo sauƙi ga Musulmin da ake zalunta a ko'ina suke, ya hana mu zaluntar kowa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Arewa da Nijar baki ɗaya lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuma shi ne mafi sani.